Kafin ka tafi kallon tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru

Wani abokina malamin makaranta ya tambaye ni kwanakin baya wane wuri ya fi dacewa ya kai ɗalibansa su ga tsuntsayen nan da ake cewa suna zuwa daga Turai lokacin hunturu. Ya ji ana ambaton Dagona, yana so ya san ko ya ɗauki hayar mota kawai su nufi can. Amsar da na ba shi ta yi tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuta ta ko wani ma ya amfana.

Fadamar da ake magana tana arewa maso gabashin Jigawa da yammacin Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. An lissafa nau'in tsuntsaye fiye da 300 a yankin. Waɗansu 'yan gida ne, shekara da shekaru suna nan. Waɗansu kuma baƙi ne da ke gudo wa sanyin Turai da Rasha, su keta hamadar Sahara, su sauka a ruwan farko da suka tarar. Suna fara isowa daga wajen Satumba da Oktoba, su yi haramar komawa cikin Maris zuwa Afrilu. Wurare uku ne sunansu ya fi fita: tafkin Nguru da mashigar Marma, tafkin Dagona da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, da kuma Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma.

To, ga babban tarkon da nake so ka kiyaye. Tsuntsu ba ruwansa da sunan wuri, ruwa yake bi. Ruwan fadamar nan kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Inda aka yi fito da kwalekwale bara, bana kana iya tarar da gonar wake. Wanda ya tashi daga Kano ko Kaduna da sunan "Dagona" kawai a bakinsa, bai tambayi ko akwai ruwa a can wannan makon ba, yana iya ƙona mai da kuɗin masauki ya dawo bai ga komai ba sai balbela, wadda ko a bayan gidansu akwai ta.

Haka ta faru da mu wata shekara da muka je a ƙarshen hunturu. A tasha muka sami wani direba mai fara'a, muka tambaye shi ko tsuntsaye suna nan. Ya ce, "Haba Alhaji, ai tsuntsaye kamar ƙasa! Sai kun gaji da kallo." Ya faɗi kuɗinsa na zuwa da dawowa, ya karɓe duka tun kafin a tayar da mota. Muka sha rairayi da ƙura, muka isa. Tafkin ya janye can tsakiya, laka ta bushe ta tsattsage, shanu suna kiwo inda ya kamata a ce agwagi ne ke iyo. Da muka juyo gare shi sai ya ce shi kam da ya zo kwanaki cike yake. Da aka matsa, ashe "kwanaki" ɗin nan tun lokacin girbin gero ne. Ba na cewa mutumin maƙaryaci ne. Sana'arsa tuƙi, kuma fasinja ya fi masa tsuntsu amfani. Wanda ya cece mu wani dattijo ne masunci da muka tarar yana gyaran koma a gindin bishiya. Muka gaisa, muka gaya masa abin da ya kawo mu. Ya yi murmushi ya ce, "Yarana, ai sun bi ruwa." Ya kwatanta mana wata fadama ta ɓangaren Nguru, ya faɗa mana har lokacin da suke sauka da lokacin da suke tashi. Washegari da asuba muka same su a can, dubbai, yadda ya faɗa.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya san wanda zai tambaya. A wannan harka masunci, ɗan fito da makiyayi su ne malamai. Kuma kada ka tambaye su "akwai tsuntsaye?", domin kowa zai ce maka akwai, don ladabi. Ka tambaya: ina ruwa ya tsaya yanzu? Ina kuka ga dinya da kirinjijiya jiya ko shekaranjiya? Kwalekwale yana shiga, ko kachalla ta toshe hanya? Idan kana da wanda ka sani a Nguru, Gashuwa ko Haɗeja, ka buga masa waya ya tambayo maka tun kafin ka bar gida.

Yana da kyau ka san dalilin wannan sauyi, don kada ka ɗauka tsautsayi ne. Da can ambaliya ce ke cika fadamar a Agusta da Satumba, sannan ruwa ya riƙa janyewa sannu a hankali har bazara. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, sai tsarin ya canza. Ambaliyar damina ta ragu, aka kuma riƙa sakin ruwa da rani saboda noman rani da ruwan sha. Ruwan da ba ya ƙafewa shi kachalla take so. Ta yaɗu ta cike mashigai, yashi da laka suka taru a bayanta, ruwa ya karkata inda ya sami hanya. Shi ya sa wani gari ke kukan ruwa ya cinye gonaki, maƙwabcinsa na kukan fari. Kachallar nan kuma ta zama maɓoyar jan baki, wanda ke yi wa manoman shinkafa da gero ɓarna. Ka riƙe wannan a zuciya idan ka je kana yabon tsuntsaye a gaban manomi. Ba kowane tsuntsu ne abin sha'awa gare shi ba, kuma yana da gaskiyarsa.

Lokacin da ya fi, a ganina, daga Disamba ne zuwa farkon Fabrairu. Ruwa ya ragu har tsuntsaye sun taru wuri ɗaya, amma bai ƙafe ba. A tsakiyar Janairu ne ma ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kowace shekara, kuma wannan fadama tana cikin wuraren da aka saba ƙirgawa. Matsalar lokacin ita ce hazo. Ranar da ya sauka sosai, ko da madubin hangen nesa ba za ka bambance agwagwa da kututture ba. Saboda haka kada ka tsara tafiyar yini guda. Ka ba kanka kwana biyu ko uku, in yau ta ƙi, gobe ta yi.

Ka kasance a bakin ruwa da an idar da sallar asuba. Da hantsi ya ɗaga an gama, sai kuma bayan la'asar.

Me za ka gani? Cikin 'yan gida akwai kirinjijiya mai farar fuska, wadda za ka ji fitonta kafin ka gan ta, da dinya, da dani mai ƙullutu a baki, da zalɓe iri-iri, da jinjimi. Cikin baƙi akwai wata ƙaramar agwagwa da namijinta ke da farin zane a saman ido, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya, dukansu a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa. Akwai kuma ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsintar ragowar shinkafa a gonakin da aka girbe. Idan suka tashi gaba ɗaya sai ka ce hayaƙi ne ya turnuƙe. Kada ka nemi shamuwa, ita baƙuwar damina ce, lokacin nan tana kudancin Afirka. Gauraka kuwa, duk da sunan da ya yi a bakin Hausawa, ya yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya. Wanda ya yi maka alkawarin nuna maka shi a kan kuɗi, ka riƙe kuɗinka sai ka gani.

Batun hanya ba wuya. Daga Kano ka bi ta Ringim da Gujungu zuwa Haɗeja, daga nan ta Malam Madori da Birniwa zuwa Nguru. Wahalar tana farawa ne inda kwalta ta ƙare. Hanyoyin ƙauyukan fadama rairayi ne da laka, ƙaramar mota ba ta jure su. Babur ya fi, ko mota mai tsayi. Da direba da ɗan acaɓa da mai kwalekwale, duk ka yi ciniki da su a fili tun farko: nawa ne, har ina, awa nawa, jira yana ciki ko babu. Ka ba da rabi, sauran sai an dawo. Da zarar an ga madubi a wuyanka farashi yakan tashi, don an ɗauka wata ƙungiya ce ta turo ka da kuɗin aiki. Ka yi dariya ka ce daga aljihunka ne, yawanci akan sauko.

Wani abu da za ka hana mai kwalekwale tun kafin ku shiga ruwa: buga gora a jikin jirgi ko yin ihu don tsuntsaye su tashi ka ɗauki hoto. Da kyakkyawar niyya yake yi, yana so ya burge baƙo. Amma tsuntsun da zai sake keta Sahara nan da 'yan makonni yana tara ƙiba ne, kowane firgici asara ne gare shi. Kai ma ka yi asara, don in sun tashi sun tafi ke nan. Ka ce masa, "Malam, a hankali za mu bi, in mun matso ka tsaya kawai." Kada kuma a cika jirgi fiye da kima, musamman in da yara. Rigar ruwa ba a cika samunta a can ba, wanda zai kai ɗalibai ya nemo nasa ya tafi da su.

Sai maganar izini, wadda mutane ke rainawa. Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, don haka akwai ma'aikatan da ya kamata ka fara gani, ka biya abin da aka ƙayyade, ka karɓi rasit. Baturiya ma wuri ne mai kariya. Ko a inda babu ma'aikaci, akwai mai gari, ko bulama ko lawani. Ka je ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, shi zai haɗa ka da wanda ya san ruwa. Yankin nan ya ga shekarun rashin tsaro a kusa da shi, baƙon da aka gani cikin ciyawa da asuba yana leƙe da madubi dole a yi masa tambaya. Ka riƙe katin shaida, in daga makaranta kake ka taho da takarda. A shingen jami'an tsaro ka bar kyamara cikin jaka, kada ka ɗauki hoton gada ko shinge. Jirgin nan maras matuƙi na ɗaukar hoto, bar shi a gida. Ka tambayi halin da hanya take ciki a makon da za ka tafi, kuma kada ka yi tafiyar dare.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wurin ba ƙaramin suna ne da shi ba a takarda. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a 2000. Dagona da Baturiya suka bi a 2008. Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona a 1989, Yarima Charles da matarsa Diana suka zo a 1990. Har yau za a ba ka wannan labari da alfahari. Amma baƙon da ya zo yau da kyar zai sami allon kwatance ko takardar da ta lissafa tsuntsayen wurin da Hausa. A ra'ayina, da hukumomi sun horar da samarin ƙauyukan nan aikin jagora, da an rage farauta ba tare da an kama kowa ba, domin wanda ke cin abinci da tsuntsu mai rai ba zai ɗana masa tarko ba.

Kayan tafiya: madubin hangen nesa, ko na aro ne, rigar sanyi mai kauri don sanyin asuba a kan ruwa ba wasa ba ne, tufafi masu duhun launi, man shafawa, gidan sauro, ruwan sha, da tsabar kuɗi. Ƙura tana kashe kyamara, ka nannaɗe ta da ƙyalle.

Abu biyu game da lafiya. Kada ka shiga ruwan da ke kwance da ƙafa ba takalmin roba, ko ka ga yaran gari suna wanka a ciki, saboda tsargiya. Kuma kada ka taɓa mataccen tsuntsu, saboda murar tsuntsaye. In ka ga sun mutu da yawa wuri ɗaya, ka gaya wa ma'aikatan gandu ko likitan dabbobi.

Za a iya kawo maka agwagwar daji ko wani tsuntsu a ɗaure a ce ka saya. Kada ka saya, ko da niyyar saki ne, don gobe za a kamo biyu. In kana son taimakon mutanen wurin, ka sayi bandar kifi da shinkafa da tabarmar kaba, ka biya jagoranka da kyau. In ka ga zobe a ƙafar tsuntsun da wani ya kama, ka rubuta lambar da ke jiki ka aika wa masu binciken tsuntsaye na cibiyar Leventis da ke Jos. Da irin waɗannan lambobi ake gane daga wace ƙasa tsuntsu ya taso.

Ga malamin da ya yi tambaya da duk mai niyya irin tasa: tafiyar ta cancanci wahalarta, kuma yaro ɗan Arewa ya kamata ya ga wannan wuri ko sau ɗaya ne. Ka je tsakanin Disamba da farkon Fabrairu, ka kwana kusa da ruwa, ka gaida masu gari, kuma kada ka biya kowa kuɗin mota sai masunci ya gaya maka inda ruwa yake. Allah ya kiyaye hanya.