Darasin Mako: Daga Gida Zuwa Aji a Kan Keken Guragu

Darasinmu na wannan mako ya shafi 'yan uwanmu da shan inna ta shanye wa ƙafa.

Shan inna ba aikin iska ba ce. Ƙwayar cuta ce mai shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, kuma ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba ta da magani sai rigakafi. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, aka dawo da shi a 2004. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka. Amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan tare da mu, daga Ɗambatta har Kunci da Tsanyawa.

Ku dubi safiyar ɗalibi irin wannan. Da rani keken da yake tuƙawa da hannu yana nutsewa a yashin burtali, da damina taɓo ya riƙe tayoyin. In ya iso a makare, ga matakalar aji. Sai ya sauka, ya sa silifa a hannu ya rarrafa. Ƙofar masai ba ta shigar keke, don haka wani ya gwammace ya wuni bai sha ruwa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne a bar sunansa na yanka a kira shi "Gurgu". Da haka wasu ke barin karatu su koma bara.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya ga masu buƙata ta musamman, ta kuma wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga.

Ba sai mun jira gwamnati ba. Mu zuba marmara mu yi gangare a bakin aji. Mu ba shi wurin zama kusa da ƙofa. 'Yan unguwarsu su riƙa fitowa tare da shi, amma a tambaye shi kafin a tura kekensa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin gida: ku ƙirga ajujuwan makarantarmu da keke zai iya shiga, ku kawo wa Ƙungiyar 'Yan Jarida amsa ranar Juma'a.