Kalmar "Latch" a Turanci: Asalinta da Yadda Ake Amfani da Ita

Sau da yawa ɗalibin da aka ba aikin fassara, in ya ci karo da kalmar "latch", sai ya rubuta "sakata" ya wuce abinsa. Wannan kuwa kuskure ne, domin Bature ya bambanta abubuwan rufe ƙofa. "Bolt" ita ce sakata, wadda ake zurawa da hannu. "Lock" shi ne abin da ba ya buɗuwa sai da mabuɗi, kamar kuba ko kwaɗo. "Latch" kuwa ɗan ƙarfe ne ko itace wanda ke faɗawa cikin gurbinsa in an turo ƙyaure, ya riƙe shi don kada iska ta buɗe. Aikinsa ke nan, riƙewa ba kullewa ba.

Asalin kalmar ma ya nuna haka. Ta fito ne daga aikatau na tsohon Turanci "læccan", wanda furucinsa ya yi kusa da yadda Bahaushe zai karanta "laccan", ma'anarsa kuwa cafkewa ko damƙewa. Bayan da Nomawan Faransa, watau mutanen Nomandi, suka ci Ingila a 1066, sai kalmar "catch" ta shigo daga bakinsu, ta yi ta ture "latch" har ta ƙwace wannan ma'ana. Abin mamaki shi ne baƙuwar ba ta tsaya nan ba. A da shuɗaɗɗen lokacin "latch" shi ne "laughte", kuma masana sun nuna cewa a kansa aka ƙera "caught", kalmar nan da ke wahalar da 'yan firamare. 'Yar gida kuwa aka bar ta a jikin ƙyaure.

Duk da haka tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Ana cewa "latch on" idan jariri ya kama nono sosai, ko mutum ya gane magana, ko ya liƙe wa wani.

Inda mai fassara ya fi shiga haɗari shi ne "on the latch". Ma'anarsa an tura ƙofa amma ba a kulle ba, don mai zuwa ya shiga ba sai ya ƙwanƙwasa ba. A ce a wani labari uwa ta bar ƙofa haka da dare; ɗanta take jira ke nan. Wanda ya fassara da "ta sa sakata" ya mai da ita uwar da ta hana ɗanta shiga gida.

Daga baya an ƙera irin wanda ba ya ɗaguwa daga waje sai da ɗan mabuɗi, "latchkey". Daga nan aka sami "latchkey child", wadda ta bazu a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, sa'ad da mata suka shiga aikin masana'antu. Ana nufin yaron da ke tasowa daga makaranta da mabuɗi rataye a wuya, ya buɗe gida ya tarar ba kowa.