Malta: Tarihi, Harshe, Siyasa da Tattalin Arzikin Tsibiri a Tsakiyar Bahar Rum

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin ƙasar Malta ta fuskoki huɗu: tarihi, harshe, siyasa da tattalin arziki. Ta nuna cewa mazaunin ƙasar a tsakiyar teku shi ne ya jawo mata mamaya a da, shi ne kuma jarinta a yau, sannan ta yi tsokaci a kan yadda harshen Maltanci ya tsira daga raini har ya zama harshen hukuma.

1.0 Gabatarwa

Malta tarin tsibirai ce a Bahar Rum, kudu da tsibirin Sisili na Italiya, gabas da Tunisiya, arewa da Libiya. Tsibirai uku ne ke da mazauna: Malta, Gozo da Komino. Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 316 ne, wanda ya sa ta zama mafi ƙanƙanta a Tarayyar Turai. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun kusa 520,000, saboda haka ita ce kuma mafi cunkoso a tarayyar. Ba ta da kogi, ba ta da ma'adinai in ban da farin dutsen gini. Duk da haka, dauloli sun shafe ƙarnoni suna kokawa a kanta, domin wanda ya riƙe ta ya riƙe mashigar da ke tsakanin gabashi da yammacin tekun.

2.0 Tarihi

Fonishiyawa da mutanen Kartaj sun mallaki tsibiran kafin Rumawa su karɓe su a shekarar 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 870 Miladiyya, rundunar Aglabawa daga ƙasar da ake kira Tunisiya a yau ta ƙwace su daga Rumawan Gabas. Normawa sun ci tsibiran a 1091, amma Musulunci bai gushe ba sai a ƙarni na 13, lokacin da aka kori waɗanda suka ƙi barin addinin.

A 1530 Sarki Charles na V ya miƙa Malta ga ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Waliyyi Yohanna. Su ne suka jure ƙawanyar Daular Usmaniyya ta Turkiyya a 1565, suka kuma aza harsashin birnin Valletta, fadar ƙasar, a 1566. Napoleon ya kore su a 1798, Birtaniya ta maye gurbin Faransa a 1800, yarjejeniyar Paris ta 1814 kuma ta tabbatar mata da mallaka. Ingilishi sun mayar da tsibirin sansanin jiragen yaƙi, abin da ya jawo masa ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu.

Malta ta sami 'yanci ranar 21 ga Satumba, 1964, ta zama jamhuriya a 1974, sojojin Birtaniya na ƙarshe suka fice ranar 31 ga Maris, 1979. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta fara amfani da kuɗin yuro a 2008.

3.0 Harshe

Maltanci ya samo asali ne daga karin Larabcin da aka yi magana da shi a Sisili, kuma shi kaɗai ne ɗan gidan Larabci daga cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai. Nahawunsa da kalmominsa na yau da kullum na Larabci ne, ko da yake kimanin rabin rumbun kalmominsa aro ne daga Italiyanci da Sisiliyanci. Bahaushe ba zai yi baƙunta da sunayen ranakunsa ba: it-Tnejn, it-Tlieta, l-Erbgħa da il-Ħamis su ne Litinin, Talata, Laraba da Alhamis. Haka ma għoxrin, tletin da ħamsin su ne ashirin, talatin da hamsin. Maltawa mabiya ɗariƙar Katolika ne, amma Alla suke kiran Ubangiji, azuminsu na gabanin Ista kuma Randan, daga kalmar Ramadan.

Ƙarnoni da dama Italiyanci ne harshen kotu da coci da masu ilimi, ana kallon Maltanci a matsayin harshen manoma da masunta. Tun ƙarshen ƙarni na 18 Mikiel Anton Vassalli ya wallafa masa nahawu da ƙamus. A 1924 ƙungiyar marubuta ta fitar da ƙa'idojin rubutu da baƙaƙen Rumawa, tare da haruffa na musamman irin su ħ, ġ da ż, kamar yadda boko ya tanadi ɓ, ɗ da ƙ ga Hausa. A 1934 aka ɗaga shi zuwa harshen hukuma tare da Ingilishi, aka sauke Italiyanci. Akwai siyasa a cikin matakin, domin Birtaniya na neman rage tasirin Italiya ta zamanin Mussolini. A yau da Maltanci ake shari'a da muhawarar majalisa, kuma ana fassara dokokin Tarayyar Turai zuwa gare shi.

4.0 Siyasa

Shugaban ƙasa muƙami ne na girmamawa. Ragamar mulki na hannun firaminista. Majalisar ɗaya ce, ana zaɓen wakilai biyar-biyar daga mazaɓu 13, inda mai jefa ƙuri'a yake jera 'yan takara bisa fifikonsa. Jam'iyyu biyu ne suka mamaye fagen: ta Leba da ta 'Yan Kishin Ƙasa. Ta biyun ce ta karɓo 'yanci ƙarƙashin George Borg Olivier, ta farkon kuma ƙarƙashin Dom Mintoff ta kawo jamhuriya tare da ƙulla kusanci da Libiya. A 1987 aka shigar da matsayin 'yan-ba-ruwanmu cikin kundin tsarin mulki.

Ƙanƙantar ƙasa na da nata ƙalubalen, domin inda kowa ya san kowa, sa ido a kan masu mulki yakan yi wuya. A Oktoban 2017 aka kashe 'yar jarida Daphne Caruana Galizia, mai binciken cin hanci, da bam a motarta. Zanga-zangar da ta biyo bayan binciken kisan ta sa Firaminista Joseph Muscat ya sauka a Janairun 2020, Robert Abela ya gaje shi.

5.0 Tattalin Arziki

Da sansanin Birtaniya ya tashi, dole Malta ta nemi wata hanyar cin abinci. Ta koma ga yawon buɗe ido, hada-hadar kuɗi, rajistar jiragen ruwa, sauke kaya da ɗora su a tasharta, haɗa kayan lantarki, da bai wa kamfanonin cacar intanet lasisi. Mafi yawan abincinta daga waje take sayowa, wani babban kaso na ruwan shanta kuma daga tace ruwan teku yake.

Dogaro da kuɗin baƙi ya zo da tsadarsa. A 2014 gwamnati ta fara bai wa attajiran waje takardar zama ɗan ƙasa bisa zuba jari, amma a Afrilun 2025 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa shirin ya saɓa wa dokar tarayyar. A ɗaya gefen, jiragen 'yan ci-rani da ke tasowa daga gaɓar Libiya, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma da suka bi ta Agadas, sukan faɗa yankin ceton da Malta ke kula da shi, lamarin da ke yawan haddasa saɓani tsakaninta da Italiya kan wanda zai karɓe su.

6.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa Malta ta rayu ne da mazauninta: da farko a matsayin sansanin wasu, daga baya a matsayin kasuwa. Kowace daula da ta zo ta tafi, amma harshen talakawa ya wanzu. Darasin ga manazarta Hausa shi ne, yawan masu magana bai isa ya ɗaukaka harshe ba. Maltanci, mai masu magana kimanin rabin miliyan, ya kai inda ya kai ne saboda an daidaita rubutunsa, an ba shi gurbi a doka, an kuma yi aiki da shi a kotu da majalisa da makaranta.