Shaidar Ganye a Kan Abincin Itace

A cikin shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ina zaga lambunan mangwaro da lemo a ƙasar Zazzau, babu kuskuren da na fi yawan tararwa kamar zaton da masu lambu suke yi cewa muddin an cika wa itace taki lalle zai yi albarka, alhali kuwa abin da yake bukata shi ne mizani tsakanin sinadaran da yake sha, kuma ganyensa ne mai ba da shaidar ko mizanin nan ya daidaita ko ya karkata.

Wani dattijo ya taɓa kirana lambunsa, ya ce, "Malam, ga ganye har ganye, amma 'ya'ya sai dai a ƙirga." Ashe shekara uku yuriya kaɗai yake zubawa, ita kuwa kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, babu fosfaras, babu fotashiyam. Saboda haka itatuwan suka yi ta miƙewa sama da rassa dogaye, sirara, masu taushi, toho ya rinjayi fure, har iskar farkon damina ta kakkarya wasu, suna nan rataye lokacin da na je.

Wanda yake son ya karanta ganye, to, ya fara duba inda illar ta ɓulla. Idan tsoffin ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya, galibi naitirojin ne ya gaza, domin itace, cikin hikimar da Allah Ya kimsa masa, yakan janye shi daga tsohon ganye ya kai wa sabo; idan kuwa gefen ganyen ne ya bushe kamar an babbake shi, sai a tuhumi fotashiyam. Ƙarfe da tutiya ba su yin wannan ƙaura, shi ya sa ƙarancinsu yake bayyana a sabon toho. Na tutiya ya fi sauya siffar itace, ganye ya fito ƙanana, tsukakku, cunkushe a kan reshe, tsakanin gaɓa da gaɓa ya gajarce, har itacen ya tsugune kamar wada. Abin mamaki, sau da yawa tutiyar tana nan cikin ƙasa, yawan takin sufa ko tokar da aka jibga a gindi ne ya hana saiwa shanta. Game da mizanin nan kuwa, tun ƙarni na 19 Liebig, masanin Jamus, ya yaɗa ƙa'idar cewa sinadarin da ya fi ƙaranci shi yake iyakance girman shuka, ko da sauran sun wadata.

Shi dai dattijon, na tsinko masa ƙosassun ganye daga kusurwa huɗu ta kowane itace domin a kai awo Samaru, na kuma ce, "Baba, a dakata da yuriya bana, a sassabe rassan nan, a koma ga kamfa da ruɓaɓɓen takin shanu, har mu ga abin da awo zai nuna."