Amsoshin Tambayoyinku: Kiɗan da ke raka mai tuƙin dare

TAMBAYA: Sai ƙarfe sha ɗaya na dare nake tashi daga aiki, in tuƙo mota ni kaɗai zuwa gida. Kwanaki na ji wani kiɗan Turawa a fim, ba na rawa ba ne, jita na amsa-kuwwa kamar a cikin kogo, mawaƙin kuma muryarsa ƙasa-ƙasa. Wane irin kiɗa ne wannan, kuma me ya sa ya fi shiga rai da dare? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Da yake ba ka faɗi sunan fim ɗin ba, da siffar da ka bayar zan yi aiki. Abin da ka ji reshe ne na kiɗan rok wanda ya yi ƙarfi a Ingila daga ƙarshen shekarun 1970, kuma in ana neman tushensa sai a nufi yankin Mancesta, wurin ƙungiyar Joy Division.

A shekarar 1979 suka fitar da faifansu na farko, Unknown Pleasures. Samari ne huɗu, kuma a kan dandamali kiɗansu na da zafi da hayaniya. Wanda ya haɗa musu sautin, Martin Hannett, shi ya sauya masa kama. Ya raba amon ganguna ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa kowanne amsa-kuwwa, ya bar sarari tsakanin kayan kiɗan, har ƙarar fashewar gilashi ya cusa a ciki. Wasu daga cikin makaɗan ma ba su ji daɗi ba da farko, suna ganin ya sanyaya musu kiɗa. Wannan sanyin kuwa shi ne abin da ya kama ka.

Akwai wani sirri kuma. A yawancin rok, jita ce ke jan gaba, bes, wato jita mai kaurin amo, na biye da ita a baya. Nan an juya lamarin: bes ɗin makaɗinsu Peter Hook ne ke ɗauke da karin waƙar, ganga na bugawa a tsaye ba hawa ba sauka, jita sai dai ta leƙo ta koma. To ka dubi tuƙin dare. Injin na gurnani iri ɗaya, farin layin kwalta na shigewa ƙarƙashinka a jere, fitilar wata mota ta haske ka ta wuce. Kiɗan da titin tafiyarsu ɗaya. Da rana kuwa, ga oda ga masu adaidaita ga 'yan talla, sararin nan da aka bari a kiɗan sai hayaniyar gari ta cike shi, ba ka jin komai.

Mawaƙin Joy Division, Ian Curtis, ya rasu a watan Mayun 1980 yana da shekara 23, sauran suka ci gaba da sunan New Order. A wannan shekarar ce ƙungiyar The Cure ta fitar da "A Forest", waƙar da a ganina babu kamarta ga mai sitiyari da dare. Faifansu na 1989, Disintegration, ya haura awa guda, don haka ya fi dacewa da doguwar tafiya.

Kafin su duka, a Amurka, ƙungiyar The Doors ta yi "Riders on the Storm" a 1971. Da ƙarar ruwan sama da tsawa take farawa, sannan mawaƙinsu Jim Morrison ya maimaita baitocinsa da raɗa a kan muryarsa, har ka zaci wani ne zaune a kujerar baya. Watanni kaɗan bayan ɗaukarta ya rasu a birnin Faris. Amma fa akwai zancen ɗan ta'adda mai tare hanya a cikinta, abin da mu nan ba ma ɗaukarsa hikaya. In kana jin Turanci, ka bar ta sai ka shigo gari.

In kuma kana son irin wannan yanayi da harshen da ya fi kusa da gida, nemi Tinariwen na Abzinawan Mali, ko Bombino na Agadez. Jitarsu na da maimaicin nan da faɗin nan, ko da yake ba ta kai ta Ingila duhu ba.

Saura gargaɗi ɗaya. Maimaicin da ke sa kiɗan daɗi shi ne kuma ke lallashin ido, balle ga wanda ya wuni yana aiki. Ka jera waƙoƙinka tun kafin ka tayar da mota, kada ka riƙa laluben waya kana tafiya, kuma ka rage ƙara yadda za ka ji oda. Ka fara da "A Forest" yau da dare. Da zarar ka ji hamma ta biyu, ka kashe ta, ka sauke gilashi. Allah ya kai ka gida lafiya.