Gawo, Garke da Lafiyar Ƙasar Noma: Darasi Daga Gonakin Matameye

 Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu a wannan fitowa ya shafi ƙasar da muke nomawa, da abin da ke raya ta.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe, iska ta riƙa binne shuka da rairayi har manomi ya yi iri sau biyu ko uku. Ga jama'a sun yawaita, gado ya rarraba gonaki, babu mai iya barin saura ta huta. A cikin wannan ƙunci ne manoman Matameye, Magarya da Mirya suka koma ga barin 'ya'yan gawo da tohon kututture idan suna sassabe. A wajen Maradi ana kiran wannan sassaben zamani, kuma wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa shi tun 1983. Binciken da Larwanou, Abdoulaye da Reij suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 1 a waɗannan gundumomi uku. Dokar gandun daji ta 2004 kuma ta ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa a kan itacen da ya rena a gonarsa.

To, mene ne sirrin gawo? Allah cikin hikimarsa ya saɓa halittarsa da ta sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe daidai lokacin da shuka ke bukatar abinci. A saiwoyinsa akwai ƙananan halittu masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, irin wanda muke saye da tsada a buhun takin zamani. Da rani kuwa shanu da tumaki su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi da fitsari. Duk wanda ya taɓa duba zangarniyar ƙarƙashin gawo da ta fili ya san bambancin. Ba banza ba ake ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya tsananta hukunci a kan mai sare gawo.

Masana suna kiran ƙarfin da ke cikin ruɓaɓɓen ganye da taki da suna kabon. Itace yana zuƙo shi daga iska, ya ajiye a jikinsa, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Wani kaso yana shiga ƙasa ta ganye da saiwa da kashin dabba, shi ne ke baƙanta ta, ya sa ta riƙe laima. Jigawarmu matalauciya ce ta wannan fuska, domin kabon ɗinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Taruwarsa aikin shekaru ne, amma wuta tana mayar da shi sama a yini guda, kuma yawan wannan iska a sararin sama na cikin abin da ke ƙara zafin duniya. Muna jin ana maganar biyan manoma kuɗin kabon. In ya zo, madalla. Amma kada mai gona ya jira shi, ribarsa ta farko tana cikin rumbu.

A nan ne muke da gyara, 'yan'uwa. Wasunmu suna kwashe kara ƙaf su sayar, su bar gona tsirara ga iskar hunturu. Wasu su cinna wa tarkacen sassabe wuta. Wasu kuma, abin takaici, su bi dare su daddatse gawon maƙwabci don dabbobinsu, alhali dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardarsa. Haka nan cinye burtali da garma yana raba manomi da makiyayi, ya hana garke kwana a gona bayan girbi, wanda shi ne takin kakanninmu.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (R.A.) hadisin da ke nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa shi sadaka. Sayyidina Abubakar (R.A.) ma ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya, ga shi kuwa lokacin yaƙi ne.

Idan sassabe ya zo, mu zaɓi toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututturen kalgo ko sabara, mu cire sauran da kaifin wuƙa. Ɗan gawon da ya tsiro mu kafa masa alama don kada garma ta tafi da shi. Mai bukatar ganye ya nemi izinin mai gona, ya rage rassan gefe, ya bar kan itacen.