Kafin Ka Hau Fiyanon Aro

A wani bikin aure a Kamazou na fara kaɗa fiyano a gaban jama'a, hutun shekarata ta farko a nan makaranta. Fiyanon aro ne, Yamaha PSR-E463. Tun azahar na zauna da mawaƙiyar muka gwada waƙoƙi huɗu, na zaɓi sautuka, na sauke mata kiɗan daidai muryarta. Ana gab da shigowar amarya aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareta, duk abin da na saita ya gudu. Na danna, ta ɗauki waƙa, sai ga kiɗa can sama, ita tana ƙasa tana ta faman kamo shi. Wallahi har yau in na tuna kallon da ta yi mini sai in ji zufa.

Laifina ne, don ban san fuskar fiyanon ba. Yatsu kawai na koya.

Fiyano irin wannan yana zuwa da sautuka ɗaruruwa da aka riga aka haɗa tun daga masana'anta: molo, sarewa, kakaki, ganguna. Maɓallin da aka rubuta VOICE a kansa shi ne ƙofarsu, na STYLE kuma yana ba ka kiɗan rakiya mai bin hannunka na hagu. Kada wani ya kunyata ka wai kana dogaro da sautin kamfani. Lokacin da Yamaha ta fito da DX7 a 1983, haɗa sabon sauti a cikinsa yana da wuyar gaske, har yawancin manyan makaɗan Amurka da Ingila suka tsaya kan waɗanda suka tarar a ciki, kuma da su aka yi fitattun waƙoƙin shekarun nan. Matsalar ita ce shiryayyen sauti bai san ɗakin da kake ciki ba, bai san maƙogwaron mai waƙarka ba. Kai ne za ka gaya masa.

Wurin da na faɗi shi ne TRANSPOSE. Aikinsa ɗaga kiɗa ko sauke shi gaba ɗaya ba tare da ka canja inda yatsunka suke ba. Kowace lamba ɗaya rabin mataki ce, wato daga maɓalli zuwa na kusa da shi, fari ko baƙi. 12 kuma ta kai ka zagaye guda cif. Na sauke wa mawaƙiyar nan 3, wuta ta dawo, fiyano ya koma sifili. Abin yana faruwa ta ɗaya gefen ma: ka hau fiyanon da wani ya bari a kan 2, kana rantsuwa daidai kake kaɗawa, mai jita na hararar ka. Don haka duk fiyanon da ba naka ba, duba wannan lambar kafin ka taɓa komai. Ni dai ina ganin mu ɗalibai mun cika jingina da shi, har wani ya shekara uku a kan maɓalli ɗaya tak yake iya waƙa. Amma wannan zancen wata rana ne.

TEMPO saurin kiɗa ne, bugu nawa a minti. Tambayi mai waƙa, kada ka yi tsammani. Amsa-kuwwar nan da ake kira ribab kuma, a zauren da ba shi da silin ka rage ta, in ba haka ba kiɗan sai ya dagule.

To, ina maganin ɗauke wuta? REGISTRATION MEMORY. Ma'ajiya ce da ke riƙe sauti, kiɗan rakiya, sauri da lambar da ka sauke, duk a maɓalli guda. A E463 rukuni 8 ne, kowanne da maɓalli 4, wuri 32 ke nan. Waƙa ɗaya, wuri ɗaya, ka rubuta a takarda ka manna a gefe. Sai abin da mutane da yawa ba su sani ba: in ka gama ajiyewa, kashe fiyanon da maɓallinsa, ka sake kunnawa. A irin waɗannan, lokacin kashewa ne yake tabbatar da ajiyar. In wuta ce ta yanke ko aka fizge waya, sabon abin da ka zuba yana iya ɓacewa. Zuba masa batir 6 ma yana taimakawa, muddin masu ƙarfi ne.

In na aro ne, tambayi mai shi wane rukuni ne babu kowa a ciki kafin ka ajiye naka. Na taɓa goge wa wani abokina shirin waƙoƙinsa na mako guda, kuma sai da na kwana biyu ina ba shi haƙuri kafin ya sake ba ni aro.